Makirfon wayarka lafiyarsa ƙalau, an bar jaki ana dukan taiki



Yau da kai zan yi magana, kai da ka naɗi murya ko bidiyo, ka kunna ka ji kamar daga cikin rijiya kake magana, ko ka ji ba komai sai shuuu, nan take ka yanke hukunci cewa makirfo ya mutu. Ka tambaya a guruf, wani ya ce ka yi fomatin, wani ya ce filashin, wani ya turo maka sunan wata manhaja wai tana gyara makirfo, na huɗu ya ce kai wa mai gyara kawai a canja. Duk cikinsu babu wanda ya tambaye ka abu ɗaya da ya kamata a fara tambaya: lokacin da kake naɗar, me ke haɗe da wayar?

Sau da yawa makirfon wayar bai ma yi aiki ba balle a ce ya gaza. Manhajar naɗar ce ta bar shi ta je ta kama wani makirfon daban: na iyafis ɗin Bluetooth da ke cikin aljihunka, na agogon hannun nan mai amsa kira, ko na rediyon motar da ka bari a kunne a ƙofar gida. Kai kana ta zuba bayani a bakin waya, ita kuwa tana sauraron cikin aljihu.

Ga dalilin da ya sa sautin yake fita haka. Bluetooth hanyoyi biyu yake bi da sauti. Akwai A2DP, ta jin karatu da kiɗa, sauti mai kyau amma tafiya ɗaya yake yi, daga waya zuwa kunne. Akwai kuma HFP, ta kiran waya, wadda ke kai murya ta kuma dawo da ita. Duk lokacin da za a yi amfani da makirfon iyafis, ta wannan hanya ta biyu ake bi, ita kuwa don hira aka yi ta, ba don naɗa ba. Makirfon jikin waya yakan ɗebi sauti sau 44,100 ko 48,000 a sakan ɗaya. Hanyar kira sau 8,000 take ɗiba, in ta yi ƙoƙari 16,000. Shi ya sa muryar ke fita a shaƙe. Ka taɓa lura kana jin abu a iyafis garau, kira na shigowa sai sautin ya dusashe kamar tsohuwar rediyo? To sauyin hanyar ne ka ji. Akwai sabon tsari mai suna LE Audio da ya rage wannan matsala, amma sai wayar da iyafis ɗin duk suna da shi, kuma yawancin na kasuwa masu araha ba su da shi.

Yanzu don Allah ka faɗa min, ta ina fomatin zai gyara wannan? Ka goge hotunan 'ya'yanka, lambobin abokan cinikinka da hirarrakin WhatsApp na shekaru, waya ta dawo sabuwa fil, kwana biyu sauti ya yi kyau saboda ta manta da iyafis ɗin. Ranar da ka sake haɗa su, matsala ta dawo inda take. Garin neman gira an rasa ido. Canjin makirfo ma haka ne: an ɓalle waya, an sa mata wuta, an cire lafiyayye an sa wani, ka biya kuɗi, kuma a shagon an gwada ya yi ras, don iyafis ɗin yana gida. Ba na cewa masu gyara macuta ne, da yawansu abin da ka faɗa musu shi suke yi, ka ce makirfo su canja makirfo. Amma mai gyaran da ya san aikinsa zai duba jerin Bluetooth kafin ya taɓa sukurdireba. Su kuwa manhajojin nan masu cewa suna gyara makirfo, mafi yawansu talla ce zalla, kuma abin da suke fara nema shi ne izinin sauraron makirfonka. Ka ba baƙo kunne a cikin ɗakinka don ya gyara abin da bai lalace ba.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma kyauta ne. Buɗe manhajar da ke ba ka matsala, ita ɗin dai, ba wata ba, don kowace da halinta: wata tana kama makirfon Bluetooth, wata ba ta kula shi, wata ma sai bayan an sabunta ta take canja hali. Fara naɗa. Ka ɗan kankari ƙasan wayar da farce kusa da ramin caji, inda ƙaramin hujin makirfo yake, ka ce “waya”. Sannan ka kankari iyafis ɗin ko agogon ka ambaci sunansa. Kunna ka ji. Wanda ƙarar kankararsa ta fi fitowa, shi ake naɗa da shi. In Bluetooth a kashe yake, babu komai a soke, ka gwada a manhaja biyu ko uku har yanzu murya ba ta fita, to a nan kam je ka wurin mai gyara da hujjarka. Makirfo yana lalacewa, ba a musu. Abin da nake ƙi shi ne a yanke masa hukunci ba a saurari shaida ba.

Wani zai ce to ai sai a kashe Bluetooth kawai, mene ne na dogon bayani? Gaskiya ne, yana aiki, kuma in sauri kake yi shi za ka yi. Amma mai agogo fa? Mai son jin abin da ya naɗa a iyafis yana gyarawa fa? Kuma mutum nawa ne ke tunawa kullum? Ranar da za ka manta ita ce ranar ɗaurin aure ko ranar rufe tafsiri, abin da ba a maimaita maka. Gara a toshe ƙofar gaba ɗaya.

A Android abin da sauƙi. Shiga Settings, ka je Bluetooth, a wasu wayoyin yana ƙarƙashin Connected devices, a Samsung kuma Connections. Kusa da sunan na'urar akwai alamar saiti, taɓa ta. Za ka ga maɓallai biyu: ɗaya an rubuta Phone calls ko Calls ko Call audio, ɗayan Media audio ko Audio. Kashe na kiran, ka bar na biyun. Ka rufe hanyar HFP kenan, iyafis ya zama kunne kawai ba baki, manhaja ko ta nemi makirfonsa ba za ta samu ba. Amma ka sani, kira ma ba zai ƙara shiga ta cikinsa ba sai ka mayar. Agogo kuwa, shawarata ka kashe masa duka biyun in ba amsa kira kake da shi ba; saƙonni da ƙidayar taku ta manhajarsa suke bi, ba ta nan ba. Motar da ka taɓa haɗawa sau ɗaya a hanyar biki, lasifikar maƙwabci, iyafis ɗin da ka ba ƙaninka, duk ka danna musu Forget ko Unpair. Barin su a jerin nan ba shi da amfanin komai.

Wannan na ƙarshen ba maganar kyan sauti ba ce kaɗai. Bluetooth na waya yakan kai kimanin mita 10, kuma katangar ɗaki ɗaya ba ta cika tare shi ba. Ke mai sayar da atamfa da turare a WhatsApp, iyafis ɗinki yana falo hannun yara sun buɗe akwatinsa, ya haɗu da wayar da kansa, kina ɗaki kina yi wa kwastoma saƙon murya. In manhajar ta kama shi, hirar falon gidanki kika tura. Saurari saƙo kafin ki tura, WhatsApp ya ba da damar hakan in kin kulle naɗar.

Masu iPhone, ku naku babu wancan maɓallin na raba kira da sauti. Sai dai ka shiga Settings, Bluetooth, ka taɓa alamar i kusa da na'urar ka zaɓi Disconnect ko Forget This Device. Kuma kashe Bluetooth ta allon da ake jawowa daga sama ba kashewa ba ce ta gaske, cire haɗin yake yi na ɗan lokaci, washegari ya dawo da kansa. In kana son ya mutu, ta cikin Settings za ka kashe.

A nan kamfanonin waya ma suna da nasu laifin, kuma babba. Tun iOS 14 a 2020 da Android 12 a 2021 suka sa ɗigon nan, ruwan lemo ko kore, da ke nuna ana amfani da makirfo. Madalla. Amma ɗigon bai faɗa maka wane makirfon ba ne. Samsung a yanayin Pro Video na manyan wayoyinta tana barin ka zaɓa, na gaba, na baya, USB ko Bluetooth, wato abin mai yiwuwa ne, ba a dai ga dama ba ne a sa wa mai ƙaramar waya. In kyamararka ba ta da zaɓin, akwai Open Camera, kyauta ce, cikin saitin bidiyonta akwai Audio source inda kai za ka faɗa mata inda za ta saurara.

Saura masu igiya. Dubi kan filogin iyafis ɗinka: zobe uku yana nufin akwai makirfo a jikin igiyar, kuma kana soka shi waya za ta koma kansa, ko da yana goga a kan riga. Mai zobe biyu ba shi da makirfo, shi ya dace da mai son sauraro yana naɗa da na waya. Wani lokacin kuma babu abin da aka soka amma alamar iyafis tana nan a saman allo, musamman da hunturu in ƙura ta cika ramin, ko bayan waya ta sha ruwa. Kashe wayar, ka naɗa 'yar auduga a tsinken sakace ka share a hankali. Ban da allura, ban da hura iskar baki.

In kuwa ta ramin caji abin yake shigowa, kamar wata na'urar USB da wayar ke ɗauka a matsayin makirfo, akwai maɓalli a Developer options mai suna Disable USB audio routing. Ana buɗe wurin ne da taɓa Build number sau 7 a cikin About phone. Kunna shi kaɗai ka fito, kada ka taɓa sauran abin da ba ka sani ba. Kuma ka riƙe a ranka cewa muddin yana kunne, ƙaramin makirfon nan na maƙalawa a wuyan riga da ake soka kansa a ramin caji shi ma ba zai yi aiki ba, sai ka koma ka kashe.