Memorin wayarka ba rumbu ba ne: finafinan barkwanci da na 'yan sanda da suka cancanci gurbi

Duk wanda yake zaune a Runka ko Batsari ko cikin garin Safana ya san cewa kallon fim kai tsaye daga intanet abu ne na mai sa'a. Sabis yana zuwa yana tafiya, data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, caji kuma sai an biya a shago. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya baki ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu biyun, saboda matsalar tsaro. A waɗancan watannin, abin da yake cikin memorinka shi ne duk gidan talabijin ɗinka. Har yau kuma yawancinmu wajen masu turi muke zuwa, ko mu karɓa daga aboki ta Xender. Tunda gurbin kaɗan ne, me ya kamata a zuba a ciki?

Ra'ayina a taƙaice: ka ba barkwanci kaso mafi tsoka, sannan a finafinan laifi ka zaɓi waɗanda kyamararsu take tsaye a bayan mai bincike, ba a bayan mai bindiga ba.

Bari in fara da na dariya, don nan ba a buƙatar doguwar muhawara. Gidan Badamasi, wanda Falalu Dorayi ya ba da umarni kuma tashar Arewa24 ta fara haskawa a 2019, shi ne na farko a wajena. Tsoho mai kuɗi, marowaci, yana kan keken guragu, 'ya'yansa barjat sun taru a gida kowa yana lissafin gado tun mai dukiyar yana numfashi. Magaji Mijinyawa ya riƙe rawar tsohon nan yadda ya kamata. Abin da ya sa shirin ya dace da waya shi ne dariyarsa a baki take. Ko ka sauke shi a 360p, hoton ya ɗan dushe, ba ka rasa komai ba, kuma bai ci rabin datar da 720p zai ci ba. Zangunan farko sun fi na baya daɗi, inda wani lokaci ihu ya fi maganar yawa, to amma haka dogon zango ya gada.

Sai tsofaffin hannu. Ka nemi guntayen Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya rasu a 2023, ka ji yadda ake dariya da Hausar bariki. Ka haɗa da na marigayi Rabilu Musa Ibro. Waɗannan fayilolin ƙanana ne, kuma su ne kaɗai za ka kunna a tsakar gida kaka da jika su zauna tabarma ɗaya ba wanda ya sunkuyar da kai. In kana son na waje, Mr Bean ba ya buƙatar fassara.

Yanzu ga inda za mu saɓa da wasu abokaina. Money Heist, shirin nan na ƙasar Sifaniya da ya fara a 2017, kusan ba wayar saurayin da bai ratsa ba. An tsara shi da gwaninta, ba musu. Sai dai duba wa aka sa ka so: mutanen da suka shiga gidan buga kuɗi da bindigogi suka tsare bayin Allah kwana da kwanaki. An ba su jajayen kaya masu kyau, sunayen birane, kiɗa mai ratsa jiki, an kuma mai da waɗanda aka yi garkuwa da su kamar kujerun ɗaki. Mai kallo a Madrid zai iya ɗaukar wannan a matsayin wasa. Mu da muke bakin dajin Rugu mun san abin da kalmar garkuwa take nufi. Mun san yadda ake sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa. Ban ce fim ne ya kawo mana wannan bala'i ba, wanda ya ce haka bai san tarihin rikicin ba. Abin da nake cewa, ƙaninka ɗan shekara 13 da yake aron wayarka da dare bai kamata ya riƙa koyon cewa mai bindiga ne ya fi kowa aji ba. Irin wannan damuwar nake da ita game da A Duniya na Tijjani Asase. An yi shi don nuna illar daba, amma yaran unguwa salon maganar Abale suka kwasa, ba darasin ba.

Kada a ɗauka ina goyon bayan haramtawa. A wancan Satumban na 2021, hukumar tace finafinai ta Kano ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Wannan ya ɗaure hannun marubucin gida ne kawai, alhali na waje suna ta shigowa ta memori ba mai tambayarsu takarda. Sakamakon shi ne labarin da ya fi damunmu, ba mu da wanda zai ba da shi da harshenmu ta ɓangaren matar da aka bari da yara, ko direban da ya kai kuɗin fansa.

To me za a kalla? Kwana Casa'in na Arewa24 ya fi komai kusa da abin da nake nufi. Jihar Alfawa ƙirƙira ce, amma gwamna Bawa Maikada da Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa kowa ya san irinsa, kuma ɗan jarida Sahabi da alƙalami yake yaƙi. Laifin da ke ciki na masu babbar riga ne, wanda shi ne uban sauran. Daga Indiya akwai Drishyam na 2015, Ajay Devgn da Tabu: uba mai ƙaramin ilimi yana kare iyalinsa daga babbar jami'ar 'yan sanda da dabarun da ya tsinta a kallon finafinai. Shi ma ɓoye laifi yake yi, na yarda, amma fim ɗin bai taɓa barinka ka manta cewa ɗaya ɓangaren ma uwa ce da ta rasa ɗa ba. Delhi Crime, wanda ya ci kyautar Emmy ta duniya a 2020, yana bin 'yan sanda cikin kwanakin farautar waɗanda suka yi wa wata ɗaliba aika-aika a 2012. Wannan na manya ne, ka sa masa makulli a waya.

Wanda na fi so kuwa ya girmi iyayen wasunku. Columbo, na Amurka, tun shekarun 1970. Tun farkon kowane kashi an nuna maka wanda ya yi kisan, galibi attajiri mai ji da kansa. Sai ga wani ɗan sanda cikin yamutsattsen kwat, ba ya yawo da bindiga, yana tambayoyi kamar wawa, ya kai bakin ƙofa ya juyo da wata tambayar. Dariya da bincike a kwano ɗaya. Kowane kashi labarinsa daban, don haka ko guda uku mai turi ya samo maka, sun wadatar, ba sai ka jira sabis ya dawo don ganin ƙarshe ba.