Kula da kayan aiki: batirin motar da aka aje

A ƙauyuka da yawa akwai motocin da ba su aiki shekara duka. Taraktar ƙungiyar manoma tana huɗa a farkon damina, daga nan sai a aje ta. Babbar motar ɗaukar albasa ko wake tana tsayawa in kaya sun ƙare, ko in ruwa ya yanke hanya. Ranar da bukata ta taso, direba ya murɗa makulli, inji ya yi shiru. Ga ruwan shuka ya sauka, ga gona tana jira, ga kuɗin sabon batir babu a hannu. Sau da yawa dogon zama ne ya kashe batirin nan.

Abin da ke cikin batir

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859. A cikinsa akwai faya-fayan dalma jiƙe cikin ruwan asid. Batirin mota yana da ɗaki 6. Ana auna ƙarfin wutarsa da bolt, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Cikakken batir yana nuna bolt 12,6. In ya nuna 12,2, wajen rabin wutarsa ta tafi. In ya sauka ƙasa da 12, yana bakin mutuwa. Makaniki yana da ma'aunin da ke nuna wannan.

Me ya sa wuta ke tafiya?

Randa tana rage ruwa ko ba wanda ya sa moɗa. Haka batir yake. Yana rage wuta kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa shi ba. Zafi yana ƙara saurin abin. In zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin ya kusan ninkawa biyu. A bazara kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a Tawa, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Lokacin ne tarakta ke aje tana jiran damina.

Akwai kuma ɓarayin wuta. Rediyo da agogon mota suna shan wuta ko an kashe inji. Ƙurar da ta kwanta bisa batir, in ta ji laima, ita ma tana jan wuta tsakanin kawunansa biyu.

In wuta ta ragu, wani farin abu mai kama da gishiri yana kama faya-fayan dalma. In an yi caji da wuri, yana narkewa. In an bar shi watanni, sai ya taurare. Daga nan ko an kai batir wurin mai caji, ba zai riƙe wuta kamar da ba.

Darasi daga mota mai ɗaki

Mutanen Turai da Amurka sun san wannan matsala. Suna da wata mota mai ɗaki a bayanta, da gado da murhu da fitila. A shekarun 1970 da 1980 masu yawon buɗe ido sun riƙa zuwa Agadas da irinta, ta hanyar Tamanrasat da Arlit. A ƙasashensu, in sanyi ya shigo, suna aje ta watanni. Motar tana da batir biyu: ɗaya na tada inji, ɗaya na fitilun ɗaki. A motoci da yawa, allon hasken rana da ke bisa rufi batirin ɗaki kaɗai yake cikawa. Mai mota ya ga fitila tana ci, ya ɗauka kome lafiya. Sai ranar tafiya inji ya ƙi tashi.

Dalilin raba batir biyu shi ne kada fitila ta shanye wutar inji. Wannan darasi ya shafi ƙauye. Wasu suna ciro batirin tarakta su kunna fitila, ko talabijin, ko su yi cajin waya. Batirin inji an yi shi don ya ba da ƙarfi mai yawa cikin ɗan lokaci. In ana tatse shi kullum har ƙarshe, ba ya daɗewa. Fitila da waya a nema musu nasu daban.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a cika batir kafin a aje mota. Kada a aje shi da rabin wuta.

Na biyu, a kwance waya. A fara da mai alamar ragi (-). In za a ciro batir gaba ɗaya, sai a bi da mai alamar ƙari (+). Ranar maidawa, mai alamar ƙari ce farko, mai alamar ragi ce ƙarshe. Kada sifana ta taɓa kawunan biyu lokaci guda.

Na uku, a goge shi. In kawunansa sun yi farin gari, a wanke da ruwan kanwa, a ɗauraye, a bushe, a shafa ɗan giris. Kada ruwan kanwa ya shiga ciki, don yana kashe asid.

Na huɗu, in batir mai murafu ne, a duba ruwansa. Ruwa ya rufe faya-fayan dalma. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir da ake saidawa. Ruwan rijiya yana da gishiri, yana ɓata shi. Kada a ƙara asid.

Na biyar, a aje shi cikin inuwa, inda iska ke shiga, nesa da yara.

Na shida, a auna shi wata-wata. In ya sauka zuwa 12,4, a kai shi caji. Inda ake da hali, a haɗa masa ƙaramin allon hasken rana, tare da ɗan akwatin da ke daidaita wuta, don kada caji ya yi yawa ya ƙone ruwansa. A riƙa share ƙurar hunturu daga bisa allon.

Wasu direbobi suna tada inji minti 5 su kashe, suna cewa sun yi caji. Wannan bai isa ba. Tada inji kansa yana cin wuta mai yawa. In za a tada, to a yi tafiya ta rabin awa ko fiye, don dinamo ya maida abin da aka ci.

Hattara

Batir yana fidda iska mai kama wuta lokacin caji. Ban da taba, ban da ashana, ban da fitilar kwai kusa da shi. In asid ya taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a wanke nan take, a tafi likita.

Kayan jama'a yana bukatar mai kula. Ƙungiya ta zaɓi mutum guda, wanda ya koyi karatu da rubutu. Ya sami ɗan littafi. Kowane wata ya rubuta ranar da ya auna batir da lambar da ya gani. In ya ga lamba ta yi ƙasa, ya gaya wa shugaba tun da sauran lokaci. Rigakafi ya fi magani.