Jan Farcen Jel: Sauri Kan Haifi Nawa

Jama'a, a wannan mako maganarmu da masu shagunan kwalliya ce, tun daga Arawa ta Gombe har sauran garuruwanmu, inda jan farcen jel ya fara gogayya da lalle a hannun amare.

Shi dai wannan fenti iska ba ta busar da shi, sai fitilarsa ta musamman, daƙiƙa 30 zuwa 60 kowace shafawa. Idan ya yamutse, an labta shi da kauri ne. A shafa kaɗan-kaɗan. Idan ya ɓare kafin mako 2, akwai maiƙo a farcen. A fara gogewa da sifirit. In kuwa wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, a sake gasawa, domin ɗanyen jel da ya taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayi da kumburi.

A kuma duba kwalba. Tun ran 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta haramta sinadarin TPO a cikinsa. Wajen cirewa a jiƙa da asiton, kada a ɓamɓare.

Daga ƙarshe, jel yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle kuwa ba ya hanawa. Wajibi ne mai shago ta gaya wa amarya haka kafin ta karɓi kuɗinta.