RA'AYI: Mudun tsiron dawa a ƙasar Gude, da aikin da Abuja ta manta

A ƙauyukan ƙasar Gude, daga Gella hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu har zuwa duwatsun da suka raba Adamawa da Kamaru, macen da ke dafa burkutu ba ta da sikeli. Da mudu take awo, da ido, da harshe. Za ta jiƙa dawa ta kwana, ta baza ta a inuwa ta lulluɓe, ta riƙa yayyafa mata ruwa kwana uku ko huɗu har ta tsiro, sannan ta shanya ta kai niƙa. Yawan tsiron da ta zuba wa ruwa shi ne zai yanke hukuncin komai: ƙarfin abin da ta dafa, kwanakin da zai yi bai lalace ba, da ko za ta mayar da kuɗin itacenta.

Takwaranta na Ingila an sauƙaƙa masa wannan lissafi. Shago zai shiga ya sayi gwangwanin ruwan tsiron sha'ir da aka dafe ya yi kauri kamar zuma, kilo ɗaya da rabi zuwa kusan biyu. A jikinsa an rubuta ya ƙara kilo guda na sukari, ya cika ruwa zuwa lita 23. Yana da ɗan ma'auni na gilashi da ke nuna masa nauyin zaƙin kafin ya zuba yisti. Tun 1963 dokar ƙasarsa ta daina neman lasisi daga gare shi, Amurka kuma ta biyo baya a 1978 zamanin Jimmy Carter. Bai fi matar Gella sani ba. Abin da ya fi ta shi ne an auna masa an rubuta.

Da yawa daga masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, addininsu ya haramta musu, kuma haka lamarin yake ga ɗimbin 'yan ƙabilar Gude kansu, Musulmi da Kiristocin da cocinsu ya hana. Babu mai neman su sauya ra'ayi. Amma ma'aikacin da ke zaune a Sakatariyar Tarayya albashin kowa yake ci, har da na manomin da ya kira gayya ya shayar da masu taya shi noma. Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a, sana'ar tana gudana a fili, kuma tukunyar da hukuma ta kawar da kai daga gare ta ba ta daina tafasa ba.

Akwai ma abin da ƙyamar giya ke rufe wa mutane ido a kai: tsiro daban, giya daban. Lokacin da ƙwayar dawa ta fara tsirowa, takan samar da sinadaran da ke narkar da sitaci su mayar da shi sukari. Matan da ke wannan aiki a yankin duwatsun Mandara, inda 'yan Kamaru ke kiran abin bil-bil, sun daɗe da gano wata matsala da ta wahalar da masana. Sitacin dawa ba ya dahuwa sai a zafin da ke kashe waɗannan sinadarai. Don haka sukan dama garin tsiron su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan saman su ajiye, su dafa abin da ya kwanta, sannan su mayar da ruwan bayan ya ɗan huce. Har zuwa wannan mataki babu ɗigon maye a tukunyar. Ruwan zaƙi ne kawai, ɗan'uwan wanda mai kunun zaƙi ke samu idan ta zuba tsiro a gasararta. Sai an sa yisti an bar shi ya kwana yake zama burkutu.

Wannan ruwan zaƙi kuwa Najeriya ta taɓa gina masana'anta a kansa. A Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni irin su Nigerian Breweries da Guinness suka koma ga dawa ala tilas. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da irin gajerar kaura mai lamba SK5912 da ya dace da aikin, cibiyar FIIRO ta Oshodi ta yi nata binciken. Ko bayan an sassauta haramcin, dawa ba ta bar masana'antun ba. Kayan shan malt marasa maye da ake rabawa a bukukuwan Kano da Abuja, da Milo ɗin da yara ke karya kumallo da shi, duk suna da alaƙa da tsiron dawa. Manyan kamfanoni sun samu iri, sun samu awo, sun samu masana. Waɗanda suka riga su sanin sana'ar da ɗaruruwan shekaru ba su samu ko takarda guda ba.

Rashin takardar yana da haɗari na gaske. Saiwa da tohon dawar da ta tsiro suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, shi ya sa makiyayi ke hana shanunsa cin ƙaramar dawa. Murje su bayan shanya yana rage gubar ƙwarai, amma mai son garinta ya yi auki tana iya niƙa su gaba ɗaya. Hatsin da aka lulluɓe da danshi kwanaki cikin zafin Mubi gida ne na fumfuna, wasu nau'o'inta kuma suna haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda tafasa ba ta kashewa. Ga durom ɗin ƙarfe da ya maye gurbin tukunyar ƙasa, wanda ba kowa ya san abin da aka fara zubawa a cikinsa ba. Idan dawa ta yi tsada kuma, sai a rage tsiro a cike giɓin da wani abu. Ba a cika jin hukuma ba sai an yi gawa, kamar yadda aka gani a 2015 da ogogoro mai guba ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas. Wancan tatacciyar barasa ce, ba burkutu ba, amma salon hukuma ɗaya ne.

Hukumar NAFDAC ta shafe shekaru tana kai ruwa rana da kamfanoni kan barasar leda, kuma yaƙi ne mai kyau. Sai dai ba lasisi matar Gella ke buƙata ba. A turo mata jami'i da rasit, gobe ta koma bayan dutse. Abin da zai yi amfani ƙarami ne: shafi ɗaya cikin Hausa da Fulfulde da Gude, wanda zai faɗi awa nawa za a jiƙa, yadda ake gane fumfuna, dalilin murje saiwa, da mudu nawa ke isar jarka nawa ta ruwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa duk a cikin Mubi suke, ɗakunan gwajinsu ba su da nisa da waɗannan tukwane.

Shafin nan ba masu burkutu kaɗai zai amfana ba. A Tanzaniya da Indiya an daɗe ana koya wa iyaye mata zuba ɗan cokalin garin tsiro a kunun yaye mai kauri. Cikin mintuna sai ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha abin da ya fi ƙosarwa a cikin ƙoƙo ɗaya. Sharaɗinsa tsiron ya zama mai tsabta, a kuma sake tafasa kunun. A yankin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014, inda gonaki suka kwana babu mai girbi, kuma tamowa ke ci gaba da kai yara asibiti a Arewa maso Gabas, wadda za ta iya koya wa ma'aikaciyar lafiya yadda ake tsirar da dawa ba ta ruɓe ba tana nan a kasuwar Gella, zaune kusa da tulunta.