Filin Sanin Na'ura: Zaɓen akwatin giya na babbar mota

A watan Maris da na Afrilu manoman Tama da na sauran kwarin Majiya suna cikin cirar albasa. Ana ɗura buhuna, ana kai su Madawa da Galmi. Daga can tirela ke kwasa zuwa Yamai da Abijan da Akara. Tafiya ce ta kwanaki, cikin zafin bazara. In mota ta lalace a daji, albasa ta fara ruɓewa. In shanu ta ɗauko, ƙishirwa ta kama su. Hasarar mai mota ce, hasarar mai kaya ce kuma. Saboda haka wannan magana ta shafi manomi da makiyayi, musamman waɗanda suka haɗa kuɗi a koperatif suka sayi mota.

Ɗaya daga cikin manyan ɓarnar mota ita ce ta akwatin giya, wanda makanikai ke ce ma buwat. Yana bayan inji. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa shi ga ƙafafun baya. Ƙaramar giya tana ba mota ƙarfin tashi da kaya da hawan tudu, irin tuddan Adar da ke wajen Buza da Keta. Babbar giya tana ba ta gudu a kan kwalta, ta rage mata shan gazuwal.

In akwati ya mutu, hanya 3 ce gaban mai mota. Ko a kwance shi a canza abin da ya ci, ko a sayi na hannu irin wanda ake kira ɗan Kwatano, ko a sayi sabo. Gyara ya fi sauƙin kuɗi in jikin akwatin bai tsage ba. Sabo ya fi kwanciyar hankali, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mutane da yawa. Mafi yawa na hannu suke saya, a Maradi ko Yamai ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A nan ne ake bukatar ido.

Abu na farko: lamba. Kowane akwati yana da ɗan ƙarfe manne a jikinsa, an rubuta sunan kamfani da lambarsa. A goge shi, a kwafe lambar a takarda harafi da harafi, a tafi kasuwa da ita. Misali, motocin DAF da MAN da Iveco da yawa suna ɗauke da akwatin kamfanin ZF na ƙasar Jamus. Akwai mai lamba 16 S 151, akwai mai lamba 16 S 221. Dukansu giya 16 gare su, kuma sun yi kama a ido. Amma na biyu ya fi na farko jure ƙarfin inji. Wanda ya ɗaura ƙaramin akwati a bayan babban inji, haƙoran akwatin ba za su daɗe ba.

Abu na biyu: ma'auni. Sandar da ke shiga cikin kulocin mota sai ta zo daidai wajen tsawo da yawan haƙora. Bakin akwati sai ya zauna daidai da bayan inji. Tsawonsa kuma sai ya dace da doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya. In mai sayarwa ya ce a yanka a yi walda zai shiga, a bar masa kayansa.

Abu na uku: giyar ƙarshe. A wani akwatin, giyar ƙarshe tana juyawa daidai da inji. A wani kuma ta fi inji saurin juyi. An yi kowanne don ya tafi da irin haƙoran da ke gindin mota. In aka sauya, ko mota ta yi nauyin tashi da kaya, ko inji ya riƙa kuka yana shan mai a banza.

Abu na huɗu: gwaji. A tafi da makanike amintacce. Ya tsiyaye man akwatin, ya duba murfin ƙasa mai maganaɗisu. Ɗan garin ƙarfe mai laushi ba laifi ba ne. Ɓarɓashi manya alama ce haƙori ya karye a ciki. Ya juya sanda da hannu, ya sa kowace giya har ta baya. Ya duba alamar walda ko tsaga a ƙarƙashin sabon fenti. Araha ba ta ado.

Abu na biyar: takarda. A rubuta lambar akwatin da kuɗinsa da ranar ciniki, da kwanakin da mai sayarwa ya yarda a maido masa in ya ƙi aiki. Shaidu su sa hannu. A nemi takardar duwan in daga ƙetare ya fito. A kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa kusa. A shekarar 2023, da aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, shigo da kaya ya yi wuya ƙwarai. Motar Berliet ta yi zamani a ƙasar nan, amma tun wajen 1980 sunanta ya koma Renault, kayan tsofaffinta sai an sha nema.

Ranar ɗaurawa, a canza kuloci in ya ci, tunda akwati yana ƙasa. A zuba sabon mai irin wanda kamfani ya faɗa. In wata rana mota ta tsaya za a ja ta, a fara kwance doguwar sanda, domin mai ba ya zagaya akwati in inji a kashe yake.

Shi kuma mai kaya, kada ya matsa wa direba ya ƙara buhuna bisa ƙa'ida. Lodin da ya wuce kima yana cikin abubuwan da ke kashe akwati da kuloci. Kafin ya ba da albasarsa ko dabbobinsa, ya tambayi lafiyar motar, ya tambayi waɗanda ta yi wa jigila a baya. Allah ya kai kowa da kayansa lafiya.