A mayar wa ƴan kallo da filin rawa



Yau maganar rawa za mu yi. Mun san tun ba mu je ko'ina ba wani ya riga ya taɓe baki: ana fama da tsadar hatsi da ta taki, wa ke ta rawa? Mun ji, kuma za mu zo kan wannan. Mu dai ba makaɗa ba ne, ba ƴan rawa ba ne. Ƴan kallo ne mu, irin waɗanda in an ce akwai wasa a Maradi za su biya kuɗin mota su je, su zauna tun gangar farko har ta ƙarshe. Kuma abin da muke gani shekarun nan ya ishe mu: an ƙwace rawa daga hannun masu kallonta, an mai da ta tabarmar tarbar baƙi.

Duk wanda ya taso zamanin samariya ya san kalmar bale. A ƙasar Turai, bale rawa ce mai tsauraran ƙa'idoji, mata na tsayawa kan tsinin yatsun ƙafa, ana ba da labari da jiki ba a buɗe baki ba. A fadojin Italiya ta taso, ta girma a Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. A nan Afirka ta Yamma, wanda ya fi kowa fito da kalmar shi ne Keita Fodeba, mutumin Gini, da ƙungiyarsa Ballets Africains. Bayan Gini ta samu ƴanci a 1958 ƙungiyar ta zama ta ƙasa, ta zagaya duniya da gangunan gida da rawar gida.

A Nijar kuwa, zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, anka farfaɗo da samariya, anka kafa bukin matasa na ƙasa mai zagaya manyan garuruwa. Bale na cikin abubuwan da ake gasa a kansu, tare da waƙa da wasan kwaikwayo. Tun daga ƙasa ake tankaɗe da rairaya har a fid da waɗanda za su wakilci Maradi. Namu balen ba na tsinin yatsa ba ne. Labari ake ɗauka, na gayya, ko na farauta, ko kai amarya, ko shekarar fari, a aza shi kan ganga da kalangu da sarewa, a bi shi daga tushe har ƙarshe. Mun sani sarai gwamnatin soja na da nata a ciki, yabon mai mulki bai ɓuya ba. Amma abu guda ba mai musun sa: akwai ƴan kallo. Ku tambayi iyayenku yadda ake cika gidan samariya ran gwaji, da yadda ake kwana ana gardamar wace ƙungiya alƙalai sunka danne wa maki.

To yau fa? Kowa ya san yadda abin yake, ba sai mun kama suna ba. Babban baƙo zai zo gari. Tun hantsi a kira ƙungiyar rawa, a jera ta bakin hanya cikin rana, fatar ganga na tsatsagewa, ƴan mata na neman inuwa. Baƙo ba zai iso ba sai bayan azahar. A kaɗa masa minti 5, yana tafe yana amsa waya, sai mai gabatarwa ya karɓe lasifika ya ce a dakata da kiɗa, mai girma zai yi jawabi. Shi ke nan, an gama da su. Manya na cikin rumfa, talakawan da sunka zo don rawar na bayan igiya suna leƙe. Da yamma a miƙa wa shugaban ƙungiya ƴan jikkuna a ce a raba wa mutum 20, wani lokaci ma a ce ya dawo gobe. In lokacin kamfe ne, a tuɓe musu kayan gargajiya a sa musu riga mai hoton ɗan takara.

Wani zai ce ai ko ba komai sun samu na goro. A'a, ku dubi ɓarnar da kyau. Yaro abin da ake saye yake koyo. In duk abin da ake nema gare shi tsallen minti 5 ne, don mi zai kashe wata 3 yana koyon balen rabin awa, mai shiga da fita, mai sauyin kiɗa kala-kala? Uban kiɗan da ya san inda ake karya ganga a shiga wani taki yana nan zaune, ba mai tambayar sa, ran da ya kwanta dama ya tafi da abinsa. Haka rawa ke ƙarewa, ba ranar da za a ce ga ranar da ta mutu. Kowace shekara tana raguwa da taki guda, har a wayi gari ba abin da ya saura sai ƙura da tsalle.

Sai kuma ɗaya matsalar, wadda ke cikin aljihun kowa. Da can in an ce ƴan hoto sun zo gari, ana nufin ƙarfafan manoman nan masu cilla galma sama su tare ta da jiki, jama'a na salati. Yau in an ce ƴan hoto, masu salula ake nufi. Da an taɓa ganga, hannuwa 100 sun tashi sama. Na baya ba ya ganin komai sai bayan salular na gaba. Wani har tsakiyar fili zai shiga, ya tsaya gaban mai rawa kamar shi anka zo kallo. In sun koma gida, a yanke daƙiƙa 30, a cire kiɗan asali, a aza wata waƙa daban, a tura TikTok da WhatsApp. Makaɗin da ya yi gumi ko sautinsa bai fito ba. Mafi muni, a ɗauki tsohuwa tana taka rawar da ta gada, a rubuta maganar dariya a kai, jikokinta na gani. Haba jama'a! Wa ya ba ku izini?

Kuma mai salular nan bai ma ga rawar ba. Kallo aiki ne, yana da nasa sani. Ku je filin kokowa na Kantu a Maradi ku ga ƴan kallo na gaske: tsoho daga can sama zai faɗa maka wannan kamun ba zai kai ko'ina ba, kafin a yi kaye ya riga ya miƙe. Rawa ma haka take. Mai kallo na gaske ƙafa yake fara duba, kunnensa na kan ganga, ya ji ko diddige na faɗuwa daidai da bugu ko yana biyo baya. Yana lura da lokacin da kalangu ya kira mai rawa da kirarinsa, da yadda kafaɗa ke amsawa. Ya san layin da ya juya tare kamar mutum guda, ya san wanda ya makara. Ya san inda uban kiɗa ke ɗana wa mai rawa tarko, ya tsinke kiɗa ba zato, a ga ko zai tsaya cak ko zai zarce. In ya tsaya cak, nan guɗa ke tashi, nan ake liƙi. Guɗar da ta faɗi kan gaɓa, makaɗi na jin ta har cikin hannunsa, sai ya ƙara wuta, mai rawa ya fid da abin da shi kansa bai san yana da shi ba. Wanda hannunsa ke riƙe da salula ba ya tafi, idonsa na kan gilashi, mai rawa ya duba bai ga fuskar kowa ba. Don wa zai kashe kansa?

A manyan gidajen bale na Turai, tikiti ake yanka, a kashe salula, wanda ya makara ya jira a waje. Ba mu ce a kawo mana shirunsu ba, namu kallon da guɗa da tafi da kirari yake. Abin ɗauka gare su shi ne an yarda cewa mai rawa aiki yake yi, kuma wanda ya zo kallo ya zo ne ya ba shi idonsa da lokacinsa da kuɗinsa.

Yanzu bari mu amsa wa masu ja.

Na farko zai ce rawa ba ta dace da addini ba. Hukunci na malamai ne, ba namu ba, kuma wanda ya ƙaurace wa fili don tsare addininsa, mun girmama shi. Rigimarmu da wanda ke tsine wa makaɗa da rana, amma ran da ubangidansa na siyasa zai zo gari shi ke aikawa a kira su. Da wanda ya hana ɗiyarsa gaɗa a dandali gaban uwaye da kakanni, ya saya mata salula ta shige ɗaki tana kallon rawar da shi kansa ba zai iya kallo gaban surukinsa ba. Filin gari yana da ido. A sa sutura ta mutunci, maza gefe mata gefe, in an kira salla a aje ganga. Da ma haka munka tarar ana yi.

Na biyu zai ce talauci da rashin tsaro. Gaskiya ne. Ƴan uwanmu na garuruwan bakin iyaka, wajen Gidan Runji da Madarunfa, sun ga tashin hankalin ƴan bindiga, kuma ba mai hankalin da zai ce su tara jama'a da tsakar dare. Amma tsakanin la'asar da magariba fa? Bayan kaka, in an kai hatsi rumbu, an sayar da aya da wake? Batun kuɗi kuma, mu yi lissafi. Mutum 300, kowa ya ba da dala 20 a bakin ƙofa, jika 30 ke nan a yamma guda. Dala 20 ɗin nan, nawa muke zubawa a katin intanet kowace rana don kallon rawar wasu? Ƙungiyar da jama'a ke ciyarwa ba ta tsayuwar awa 4 a rana don jiran wani.

Na uku, galibi matashi, zai ce wannan tsohon yayi ne, duniya ta ci gaba. To ka duba inda ta ci gaban. A Senegal, Germaine Acogny, wadda ta shugabanci makarantar Mudra Afrique da anka buɗe a Dakar a 1977, ta kafa tata makarantar rawa a Toubab Dialaw, bakin teku, ƴan rawa na zuwa daga ƙasashe daban-daban suna koyo. A nan maƙwabtanmu Burkina Faso, Salia Sanou da Seydou Boro sun buɗe cibiyar rawa a Wagadugu a 2006. Rawar zamani suke yi, wadda ake kallo a manyan dandamalan duniya, amma da takun gida sunka gina ta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, mu ma mun yarda. Muna son ganin yaron Cadawa ya ɗauki takun ƴan gayya, ko motsin mace mai sussuka, ya juya shi ya fito da abin da ba a taɓa gani ba. Amma ina zai ɗauko takun in wanda ya iya ya mutu ba a koya ba? Kuma wa zai ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce, in ba ƴan kallon da sunka san abin?

An yi Maradi Kwalliya a 2015, an yi gine-gine, an yi wasanni, mun gani mun yaba. Gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga yana nan a Maradi. Sai dai siminti ba ya guɗa. Kuma ba kowane ɗan ƙauye ke da kuɗin motar zuwa birni ba. Dole rawa ta samu ranarta a garuruwanmu.

Don haka ga abin da muke nema, ba mai yawa ba ne.

Magadan gari da masu sarauta: a ware yamma guda kowane wata, daga kaka har faɗuwar ruwa, a ba ƙungiyoyin rawa fili su yi wasansu cikakke. Ba jawabi, ba babban baƙo. Wanda ya zo, komai girmansa, ya zauna ya kalla kamar kowa.

Masu shirya taro: in kun kira ƙungiya, ku yi ciniki tun farko, ku biya kafin a tashi, ku ba su inuwa da ruwa. In minti 5 kawai kuke da shi, ku kunna kaset, ku bar bayin Allah su je gona.

Shugabannin ƙungiyoyi: ku san darajar kanku. Ku nemi tsofaffin samariya tun suna da rai, ku zaunar da yara gabansu. Ku sa mutum guda ya ɗauki wasan duka, da kiɗansa na asali, ku ne masu shi.

Ƴan kallo kuma: ku zo da wuri, ku biya kuɗin ƙofa ba gardama, ku kama hannun yaro ku zo da shi, ku nuna masa inda ake duba. Salula ta zauna aljihu har a aje ganga.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kwana nan.