A Bar Su Su Koma, Amma Malami Ne Gaba

Kowace shekara, da an kammala jarrabawar bak, ƙungiyoyin ƙwallo da na muhawara a makarantun Maraɗi kan rasa gwanayensu. Da yawansu shagon uba suke komawa.

Ra'ayin wannan jarida shi ne su riƙa zuwa suna horar da ƙannensu, domin malami guda ba ya iya bin kowane yaro. Sai dai da sharaɗi: zaɓen 'yan wasa ya tsaya hannun malami. Wanda ya fita jiya yana da abokai a ƙungiyar, son kai zai shiga.

Alhazai, Litinin da Juma'a na kasuwa ne. Cikin sauran ranakun, ku sakar musu yammaci guda. Yawancinku ma a hannun babban yaron shago kuka koyi ciniki.